Ukaimeden: Ƙaramar Cibiyar Taurari a Kan Duwatsun Atlas

Wanda ya hau soron wani gida a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko da hantsi a lokacin hunturu, ya fuskanci kudu, zai hango duwatsun Atlas sun tokare sararin sama, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Tubkal, mai mita 4,167, wanda duk Afirka ta Arewa babu dutsen da ya kamo ƙafarsa. Mai neman cibiyar nazarin taurari ta Ukaimeden ba sai ya kai can ba. Tafiyarsa ba ta wuce kilomita 80, sai dai hawa ne, don haka mota kan ci kusan awa biyu. Da farko titi miƙaƙƙe ne cikin gonakin zaitun, har a shiga bakin kwarin Urika inda masu tukwane da dardumai suka baje kolinsu a gefen hanya. Daga nan sai a ratse dama a fara murɗa sitiyari babu hutawa. Ƙauyukan ƙabilar Amazig sun manne a jikin tsauni, an gina su da jar ƙasa da duwatsun wurin, ido ba ya raba gida da dutse sai an matso. Can sama itatuwa su fara ƙaranci, kunne ya toshe, iska ta yi sanyi, sai kwatsam hanya ta buɗe a wani faffaɗan fili mai ciyawa da ɗan tafki, a tudun da ya kai wajen mita 2,600.

Yawancin masu zuwa Ukaimeden ba taurari ne ke kawo su ba. Da hunturu mutanen Marrakesh da Kasabalanka ke cika wurin don wasan zamiya a kan ƙanƙara, ana ɗaukar su a kujerun da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe zuwa ƙololuwar da ta haura mita 3,200, masu alfadarai kuma suna neman na cefane. Da bazara makiyaya ne da tumakinsu. A kan jajayen duwatsun filin akwai zane-zanen wuƙaƙe da dabbobi da da'irori waɗanda mutanen dā suka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce. Ita kuwa cibiyar tana gefe, a kan wani tudu mai tsawon mita 2,750, kuma baƙon da ya saba ganin hotunan manyan cibiyoyin Chile da Hawai zai iya jin gwiwarsa ta yi sanyi: 'yan ƙubbobi ne farare da ƙananan gine-gine, wata ƙubbar ba ta fi ɗakin kwana ba. Na'urorin hangen nesan da suka yi wa wurin suna, faɗin madubinsu santimita 50 ne ko 60, wato mutum ɗaya zai iya rungumar su. Duk da haka ra'ayina shi ne wannan wuri ya fi cibiyoyi da dama masu tsada cancantar a yi nazarinsa, domin ya nuna cewa abin da ke ba ƙaramar cibiya daraja shi ne inda aka dasa ta, da yawan dararen da take aiki babu yankewa, da mutanen da take horarwa. Girman madubi na zuwa ne bayan waɗannan.

Masu son yabon wurin sukan fara da tarihin malaman Marrakesh, kuma akwai abin faɗa. A birnin aka haifi Ibn al-Banna a 1256, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan hisabi da tafiyar rana da wata. Manyan masallatan Magrib sun daɗe suna da muwaƙƙit, malamin da aikinsa ke nan ya fitar da lokutan salla ta hanyar awon inuwa da taurari, har a masallacin Ƙarawiyyin na Fas aka ware masa ɗaki na musamman. Wannan gado abin alfahari ne. Amma garuruwa nawa ne ke da irinsa, daga Bagadaza zuwa Timbuktu, ba su da ko ƙubba ɗaya mai aiki a yau? Gado shi kaɗai bai taɓa gina cibiya ba. Asalin Ukaimeden ya fi haka kusa, kuma abin mamaki da rana aka fara, ba da taurarin dare ba.

Tun kafin shekarun 1980 masana sun tabbatar cewa rana tana rawa, fuskarta na ɗagawa tana sauka kusan kowane minti biyar, saboda sautin da ke kai da komo a cikinta. Wanda ya auna wannan rawa da kyau zai iya sanin abin da ke cikin rana, yadda masu nazarin girgizar ƙasa ke gane cikin duniya. Matsalar ita ce awon na buƙatar a zuba wa rana ido kwana da kwanaki babu katsewa, alhali a kowane wuri dare na yi. Sai masana daga birnin Nis na Faransa, ƙarƙashin Eric Fossat, suka tsara shirin IRIS: a dasa na'urori iri ɗaya a wurare daban-daban a faɗin duniya, daga Uzbekistan zuwa Chile da Ostareliya, ta yadda kafin rana ta faɗi a wani wuri ta riga ta fito a wani. A 1988 aka dasa ɗaya a Ukaimeden. Matasan malaman Maroko da suka karɓi kula da ita, cikinsu har da Zouhair Benkhaldoun na Jami'ar Ƙadi Iyad da ke Marrakesh wanda daga baya ya shugabanci cibiyar, ba su tsaya a aikin da aka ba su ba. Sun shafe shekaru suna ƙirga dararen da babu hadari, suna auna yadda iska ke sa hasken tauraro ƙyafta-ƙyafta, da yawan ƙurar Sahara da ke hawowa. Aiki ne marar armashi, ba ya shiga jarida. Amma da aka buɗe cibiyar a hukumance a 2007, shekara 19 bayan na'urar farko, suna da hujja a rubuce da za su nuna wa duk mai neman inda zai ajiye na'urarsa. Wannan hujjar ce jarin wurin.

To, me madubin santimita 60 zai yi a duniyar da ke da na mita takwas? Tambayar tana da ƙarfi. Kowace ɗaya daga cikin manyan na'urori huɗu na Turai da ke Paranal a Chile madubinta mita 8.2 ne, yana tara hasken da ya ninka na Ukaimeden kusan sau 190. A Afirka ma akwai SALT a Afirka ta Kudu mai wajen mita 10, da ta Kottamiya a Masar mai mita 1.88 tun 1964. Sai dai babbar na'ura kamar rijiya ɗaya ce a gari mai yawan jama'a: kowa da gugarsa a layi, wanda ya samu jan biyu ya gode Allah. Masani kan rubuta takardar neman lokaci, kwamiti ya zauna, a ba shi 'yan awoyi bayan wata shida, idan hadari ya taso a daren kuma ya yi asara. Alhali akwai tambayoyi da yawa a ilimin taurari da amsarsu ba ta buƙatar tarin haske, haƙuri take buƙata: a kalli tauraro ɗaya dare ɗari, ko a share yanki guda na sama kowane dare a ga abin da ya motsa. Babu kwamitin da zai ba da babbar na'ura don wannan. Ƙarama ce kaɗai ke da lokacinsa.

Misali na farko shi ne shirin MOSS, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2011 da na'ura mai madubin santimita 50. Haɗin gwiwa ne tsakanin jami'ar Marrakesh da Claudine Rinner, Bafaranshiyar da nazarin taurari sha'awa ce gare ta ba sana'a ba, da wata ƙungiyar masu sha'awar taurari ta yankin Jura a Suwizalan wadda malamin sakandare Michel Ory ke cikinta. Yadda aikin ke tafiya abin kallo ne. Da magariba ƙubba ta buɗe da kanta. Na'urar ta ɗauki hoton wani yanki na sama, ta matsa gaba ta ɗauki wasu, bayan 'yan mintoci ta dawo na farko ta sake ɗauka, haka har sau uku ko huɗu. Kwamfuta ta jera hotunan ta gwada su. Taurari suna nan inda suke, amma idan wani ɗigon haske ya ɗan gusa daga hoto zuwa hoto a kan layi ɗaya, to wani abu ne na kusa da mu, ko dutse mai yawo a sararin samaniya ko tauraro mai wutsiya. Mutum ya duba ta intanet ya tabbatar ba datti ba ne a jikin kyamara, sannan ya aika awon zuwa cibiyar da ke tattara irin waɗannan bayanai a Amurka, inda lambar Ukaimeden ita ce J43. Tun a watan Nuwamba na 2011 Rinner ta gano tauraro mai wutsiya da ke ɗauke da sunanta, a farkon 2012 aka gano wani da aka sa wa sunan MOSS, a Nuwamban 2013 kuma Ory ya gano wanda aka raɗa wa sunan Ukaimeden kanta. Wani zai ce allura cikin ruwa ce, mai rabo ka ɗauka. Rabo akwai shi, amma ya fi zuwa ga wanda ke da sama mai tsabta dare bayan dare. Kuma neman ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Dutsen da ya fashe a saman Chelyabinsk na Rasha a watan Fabrairun 2013 faɗinsa bai wuce mita 20 ba, amma ya jikkata mutum kusan 1,500, yawancinsu da fasassun gilasai. Sabon dutsen da aka gani yau, idan ba a bi shi an sake auna shi cikin 'yan kwanaki ba, ɓacewa yake yi.

Misali na biyu shi ne ya kai sunan wurin duniya. Jami'ar Liège ta Beljiyam tana da na'ura mai madubin santimita 60 a La Silla ta Chile tun 2010, mai suna TRAPPIST. Da ita Michaël Gillon da abokan aikinsa suka lura da wani ɗan jan tauraro da haskensa ke ɗaukar wajen shekara 40 kafin ya iso gare mu, tauraron da nauyinsa bai kai kashi goma cikin ɗari na ranarmu ba. Lokaci zuwa lokaci haskensa kan ragu da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, na tsawon rabin awa ko awa guda, sannan ya koma daidai. Wannan alama ce ta cewa wata duniya ta gifta ta gabansa. A watan Mayun 2016 suka sanar da duniyoyi uku. A shekarar ce aka dasa tagwayen wannan na'ura a Ukaimeden, kuma dalilin zaɓen wurin shi ne kan maganar: Maroko na ganin taurarin arewa da Chile ba ta gani, sannan dare na riga yi a Atlas da kusan awa huɗu, don haka giftawar da ta auku Chile na cikin hasken la'asar, a Ukaimeden an riga an yi isha'i. A ranar 22 ga Fabrairun 2017 aka sanar cewa duniyoyin bakwai ne, duk kusan girman tamu, ta kusa tana zagaye tauraron cikin kwana ɗaya da rabi, ta nesa cikin kusan kwana 19. Gaskiya a faɗe ta: na'urar Spitzer ta Amurka da ke sararin samaniya, wadda ta kalli tauraron kusan kwana 20 a jere, ita ce ta warware ƙullin. Gudummawar Ukaimeden ta taimako ce. Amma a cikin sunayen masanan da suka sa hannu a binciken da mujallar Nature ta buga akwai Benkhaldoun da Khalid Barkaoui, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne.

A nan ne mai suka zai miƙe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Na'urar TRAPPIST ta Beljiyam ce, MOSS da hannun Faransa da Suwizalan, akwai kuma ta Koriya ta Kudu da ke bibiyar taurarin ɗan Adam da tarkacensu. Ana sarrafa su daga nesa. Me ya rage wa Maroko ban da gadi da share ƙanƙara? Ba za a yi watsi da wannan magana ba, domin an sha ganin inda baƙi suka ajiye kayansu a ƙasa matalauciya, suka kwashe sakamako, suka bar wa masu gida godiya a ƙasan shafi. Abin da ke bambanta haya da haɗin gwiwa shi ne ko mai masauki na da jami'ar da za ta ci moriyar abin. A Ukaimeden jami'a ce mai wurin, tana da kasonta na dararen kallo, kuma ɗalibanta sun yi digiri na uku a kan duniyoyin wasu taurari, da taurari masu wutsiya, da taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, da iskar can ƙololuwar sama. Wasu an yi musu kulawar haɗin gwiwa tsakanin Marrakesh da Liège. Idan gobe baƙi suka naɗe kayansu, waɗannan mutane suna nan da abin da suka iya. Inda sukar ke da gaskiya shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka ƙware Turai ce ke ba su aiki, kuma muddin ƙasar ba ta mallaki na'ura matsakaiciya tata ta kanta ba, wasu ne za su riƙa zaɓen tambayoyin da za a bi. Wannan laifin masu kasafin kuɗi ne a Rabat, ba hujja ba ce ta cewa da an bar tudun babu komai ya fi.

Suka ta biyu ta fi ciwo. Ƙauyukan da matafiyi ke ratsawa kafin ya kai cibiyar suna cikin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu a Maroko. A daren 8 ga Satumban 2023 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa lardin Hauz, wanda Ukaimeden ke cikinsa, ta kashe mutum sama da 2,900, ta rushe gidajen ƙasa da na dutse babu adadi. Da wane ido za a kalli uwar da ta kwana a tanti cikin sanyi a ce mata ana neman duniyoyi a nesa? Ban ga amfanin a yi ƙaryar cewa ƙubbobin nan na ciyar da ita ba. Amma lissafin zaɓi tsakanin na'ura da gida kuskure ne. Babbar na'urar mita 39 da Turai ke ginawa a Chile kuɗinta ya haura Yuro biliyan ɗaya, kuma da irinta Maroko ta ce za ta gina da an yi mata dariya. Ƙananan na'urorin Ukaimeden kuwa abokan hulɗa ne suka ɗauki nauyin yawancinsu, da kuɗin da ba don taurari ba da bai taɓa shigowa lardin ba. Sannan ɗalibin da ya koyi ciro raguwar haske ta kashi ɗaya cikin ɗari daga dubban hotuna, ƙwarewar da ya samu ita ce ake nema wajen karanta hotunan taurarin ɗan Adam, kuma Maroko na da irinsu guda biyu masu ɗaukar hoton ƙasa da ta harba a 2017 da 2018. Ƙasa ba ta samun irin waɗannan ma'aikata ranar da bala'i ya sauka, sai ta riga ta rene su.

Akwai kuma masu cewa zamanin ƙananan cibiyoyi ya wuce, tunda manyan na'urori masu share sama baki ɗaya sun shigo, kamar cibiyar Vera Rubin a Chile da ta fitar da hotunanta na farko a 2025. A fagen rigegeniyar gano sabon dutse da gaske ne ƙofa na ƙara tsukewa, kuma irin sa'ar da MOSS ta yi a shekarunta na farko da wuya ta maimaitu. Amma masu share sama tuhuma suke tarawa, ba hukunci suke yankewa ba. Kumbon TESS da aka harba a 2018 na nuna dubban taurarin da haskensu ya ragu, sai dai kyamarorinsa kan cakuɗa hasken taurarin da ke maƙwabtaka, kuma sau da yawa abin da aka zaci duniya ce sai a tarar taurari biyu ne ke shiga gaban juna. Wa zai tantance? Na'urorin ƙasa irin ta Ukaimeden, ɗaya bayan ɗaya. Yawan abin da manya ke tonowa ƙara wa ƙanana aiki yake yi.

Abin da zai iya kashe wurin yana ƙasa, ba a sama ba. Marrakesh birni ne mai mutum wajen miliyan ɗaya, yana ƙara faɗi, kuma da dare haskensa na bayyana a arewacin cibiyar. Kowane sabon otal da kowace fitilar titi da aka bari tana haska sama suna rage taurarin da kyamara za ta iya kamawa. Shi ya sa masanan cibiyar ke fafutukar a ayyana yankin da ke kewaye da gandun Tubkal a matsayin keɓaɓɓen wuri mai duhun sama, inda za a riƙa sa wa fitilu hula su haska ƙasa kawai. Wanda ke ganin wannan baƙon tunani ne ya tambayi makiyayan filin. Suna da tsohuwar doka da suke kira agdal: daga 15 ga Maris babu dabbar da ke shiga makiyayar Ukaimeden, sai 10 ga Agusta ake buɗe ta, bayan ciyawa ta yi fure ta zubar da iri. Ƙabilun Urika da Reraya da ke tarayya a filin sun riƙe wannan tsari tun kaka da kakanni, suna jingina shi ga alfarmar waliyyinsu Sidi Faris. Mutanen da suka san a kame hannu wata biyar don kowa ya samu ba sa buƙatar dogon bayani a kan kashe fitilar da ba ta da amfani. Masu otal da hukumomin birni ne za a sha fama da su.

Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Yamai da ke sha'awar irin wannan aiki su lura da jerin shekarun: na'urar aro a 1988, buɗe cibiya a 2007, suna a babban bincike a 2017. Samanmu na da tasa matsalar, ƙurar hunturu a rani da hadari a damina, kuma babu wanda zai kawo na'urarsa tudun da ba a auna ba. Kafin a rubuta takardar sayen madubi, a zaɓi tudu biyu ko uku, a dasa musu ƙananan na'urorin awon hadari da ƙura da duhun sama, a ɗora wa wani sashen kimiyya alhakin rubuta sakamakon kowane dare, a kuma ba shi kuɗin yin hakan na shekaru.